Bisa Jar Kwalta daga Amsterdam zuwa Nijmegen

Ƙasar Holan, wadda ke arewa maso yammacin Turai tsakanin Jamus da Beljiyam da Tekun Arewa, shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yana ƙasa da matakin ruwan teku, ta yadda ba don ganuwowin da aka gina a gaɓar teku da ta koguna ba, da injinan da ke zuƙe ruwa dare da rana, da tuni ruwa ya ci wannan yanki. Mutanenta sun kai kimanin miliyan 18, kekunansu kuwa sun haura miliyan 22, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar da ake yi a ƙasar a kan keke ake yin ta. An saba jingina wannan al'ada ga rashin tuddai, amma duk wanda ya taka keke a can ya san cewa wahalar da tudu bai ba mahayi ba iska tana ba shi, domin tana kaɗowa daga teku babu dutsen da zai tare ta, ta daki ƙirjin mutum a fili har gwiwarsa ta yi sanyi. A wannan ƙasa keken lantarki ya samu shiga sosai, har ya zama a shekarun nan kimanin rabin sababbin kekunan da ake sayarwa masu batir ne. Tafiyar da ake bayaninta a nan ta tashi daga Amsterdam, ta ratsa Utrecht, ta kai Arnhem a jirgin ƙasa, sannan ta ƙare a Nijmegen bisa keke, tana bin sawun mutanen da ke zuwa aiki da makaranta a kan wannan abin hawa kowace safiya.

Keken lantarki, bisa ma'anar da dokar Tarayyar Turai ta ba shi, keke ne mai feda da kaca da birki kamar kowane keke, sai dai an ƙara masa ƙaramin inji wanda ƙarfinsa bai wuce wat 250 ba, da batirin da ake yi wa caji a soket ɗin gida. Injin ba ya tafiya da keken shi kaɗai: akwai na'urar da ke jin lokacin da mahayi ya taka feda, a wasu kekunan har tana auna ƙarfin takun, sai injin ya ƙara nasa ƙarfin a kan na ƙafa, kuma da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa guda sai ya janye taimakonsa, ya bar mahayi da ƙafafunsa. Muddin keke ya tsaya cikin wannan iyaka, doka tana ɗaukarsa keke ne kawai, ba a neman lasisi ko lamba ko inshora, kuma a Holan ba a tilasta wa mahayinsa sa hular kwano. Kamfanin Yamaha na Japan ne ya fara fito da irin wannan tsari kasuwa a 1993, daga baya tsofaffin kamfanonin keke na Holan irin su Gazelle da Batavus da Sparta suka rungume shi, kuma da farko tsofaffi ne suka fi saye, har matasa suna jin kunyar a gan su a kansa.

Baƙon da ya fito ta ƙofar baya ta babbar tashar jirgin ƙasa ta Amsterdam da sassafe zai iske kansa a bakin ruwan da ake kira IJ, inda jiragen fito ke kai mutane unguwannin arewacin birnin su dawo da wasu, kyauta, cikin 'yan mintoci. Da jirgi ya iso gaɓa aka sauke ƙofarsa, ɗaruruwan mahaya ne ke kwararowa lokaci guda, kuma a nan ido ke fara koyon bambancewa: mai keken gargajiya yakan miƙe tsaye a kan feda kafin kekensa ya ɗauki gudu, mai batir kuwa yana zaune daram bisa sirdi zai sulale ya wuce, ba a jin komai sai 'yar ƙarar inji siririya. A cikinsu akwai kekuna masu dogon akwati a gaba, waɗanda ake kira bakfiets, inda uwa ko uba kan zaunar da yara biyu ko uku a ɗaure su da bel, a lulluɓe su da rumfar leda idan ana ruwa, a kai su makaranta kafin a wuce ofis. Irin wannan keke ya daɗe a ƙasar, amma nauyinsa da na yaran da ke ciki yakan gajiyar da mahayi, kuma zuwan batir ne ya sa iyalai da yawa suka mayar da shi madadin mota ta biyu. A gaban tashar kuma, a ƙarƙashin ruwan da jiragen yawon buɗe ido ke shawagi a kansa, an buɗe ma'ajiyar kekuna a watan Janairun 2023 mai ɗaukar kimanin keke 7,000, domin filin da ke sama ya daɗe da cika.

Wanda ya ga wannan tsari yana iya zaton haka aka halicci ƙasar, alhali kuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu Holan ta bi hanyar da sauran ƙasashen Turai suka bi, ta rushe gidaje ta faɗaɗa tituna domin motoci, hawan keke ya yi ta raguwa, haɗurra suka yi ta ƙaruwa. A 1971 sama da mutum 3,000 ne suka mutu a kan titunan ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne, abin da ya haifar da gangamin iyaye da aka sani da Stop de Kindermoord, wanda ya nemi a kawo ƙarshen kashe yara a kan hanya. A 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sanya wa Holan takunkumin mai saboda goyon bayan da take ba Isra'ila, gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi, mutane suka ga manyan tituna babu kowa sai masu keke da yara. A 1975 aka kafa ƙungiyar masu keke ta ƙasa, wadda a yau ake kira Fietsersbond. Daga wannan lokaci aka shiga gina hanyoyin keke da aka raba da na mota, ana shimfiɗa musu jar kwalta domin kowa ya gane su, har tsawonsu ya haura kilomita 35,000. Dokar ƙasar ma ta karkata ga mai rauni, domin idan mota ta yi karo da keke, direba ne ke ɗaukar aƙalla rabin diyya ko da mai keken yana da laifi, idan kuwa yaro ne da bai kai shekara 14 ba, galibi direban ne ke ɗaukar duka. Duk wannan an yi shi ne tun keken lantarki bai zama abin ambato ba. Da ya zo, hanya a share ya tarar.

Daga Amsterdam zuwa Utrecht tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa, ta cikin makiyayar shanu da ƙoramun da aka haƙa a miƙe. Tashar Utrecht ce ta fi kowace tasha a ƙasar yawan fasinjoji, saboda layukan dogo daga kowace kusurwa a nan suke haɗuwa, kuma a ƙarƙashin dandalin da ke gabanta akwai ma'ajiyar kekuna da aka kammala a 2019, mai hawa uku, mai ɗaukar keke 12,500, wadda ba ta da na biyu a girma a duniya lokacin da aka buɗe ta. Abin da ya fi ɗaukar hankali a cikinta shi ne mutum ba ya sauka daga kekensa a bakin ƙofa. Hanyar keke ce ta ratsa cikin ginin, tana gangarawa ƙasa tana hawa sama a hankali, mahayi ya nuna katinsa na shiga jirgi a wurin masu tsaro, ya ci gaba da taka feda yana duban allunan lantarki da ke nuna masa layin da ke da gurbi. Awa 24 na farko kyauta ne, sai bayan haka ake biyan kuɗi kaɗan a kowace rana. Kowane layi yana da ma'ajiya hawa biyu: ta sama dogon ƙarfe ne mai kwari da ake jawowa waje a karkato da shi ƙasa, a tura tayar gaba a ciki, sannan a ɗaga a mayar da shi wurinsa. A nan ne nauyin keken lantarki, wanda yakan kai kilo 25 ko fiye, yake bayyana, domin masu shi sukan zagaya suna neman gurbi a ƙasa, kuma wanda ya rasa sai ya sa kafaɗa ya yi nishi. Da yawa daga cikinsu, bayan sun kulle taya, sukan sa ɗan makulli su zare batirin daga jikin firam ko daga ƙarƙashin kariya, su jefa shi a jaka su tafi da shi, saboda ɓarawo ya fi son batirin, kuma keken da babu batir ba ya da daraja a hannunsa.

A wajen tashar, titin Vredenburg yana ɗaukar mahaya sama da 30,000 a rana, kuma da safe layin masu jiran danja yakan yi tsawon da koren fitila ɗaya ba ta isa ta kwashe shi. Kusa da nan akwai ruwan Catharijnesingel, tsohuwar ƙoramar da ta kewaye birnin, wadda aka cike wani ɓangarenta a shekarun 1970 aka yi babban titin mota a kai, sannan aka sake haƙe ta aka mayar da ruwan a 2020. A yammacin birnin kuma akwai gadar Dafne Schippers, da aka buɗe a 2017 aka sa mata sunan 'yar tseren nan haifaffiyar Utrecht, wadda masu keke da masu tafiya a ƙasa kawai ke bi, kuma hanyar hawanta ta bi ta kan rufin wata makarantar firamare kafin ta tsallaka ruwa zuwa sababbin unguwannin Leidsche Rijn. Mai karatun da ya saba ganin keke a matsayin abin hawan wanda bai samu halin sayen babur ba zai yi mamakin ganin malaman jami'a da likitoci da manyan ma'aikata cikin wannan ayari da kwat ɗinsu. Mark Rutte ma, a shekarun da yake firaminista, an sha ganinsa yana zuwa ofis a kan keke.

Sai dai a cikin gari irin Utrecht ba a ganin ainihin amfanin batir, domin mai keken gargajiya da mai na lantarki duk danja ɗaya ke tsayar da su, kuma tafiyar kilomita uku ko huɗu ba ta buƙatar inji. Amfanin yana fitowa ne a tsakanin gari da gari. Masu tsara sufuri a ƙasar sun daɗe suna lissafin cewa yawancin mutane ba sa yarda su taka keken gargajiya fiye da kimanin kilomita 7.5 zuwa wurin aiki, da batir kuwa iyakar takan kai kilomita 15, kuma fiye da rabin ma'aikatan ƙasar suna zaune ne cikin wannan tazara daga wuraren aikinsu. Wannan ninki shi ne duk abin da injin ya kawo, kuma ba ƙarami ba ne, domin a cikinsa ne ake da ƙauyuka da garuruwan gefe waɗanda mazaunansu a da ba su da zaɓi sai mota. Hukuma ta tallafa da haraji: a 2024 ma'aikaci yana iya karɓar alawus ɗin sufuri har santi 23 na yuro a kan kowace kilomita ba tare da an cire haraji ba, ko a mota ya zo ko a keke, kuma tun 2020 akwai tsarin da wurin aiki ke ɗaukar wa ma'aikaci hayar keke, a lissafa masa kashi 7 cikin 100 na farashinsa a matsayin ƙarin albashin da zai biya wa haraji a shekara.

Domin ganin wannan da ido, sai a sake shiga jirgi a nufi gabas zuwa Arnhem, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Arnhem tana bakin wani reshe na Kogin Rhine, kuma an fi saninta da gumurzun da aka yi a kan gadarta a watan Satumban 1944 tsakanin sojojin Ingila da na Jamus. Daga kudancinta zuwa arewacin Nijmegen aka shimfiɗa hanyar da ake kira RijnWaalpad, mai tsawon kimanin kilomita 16, wadda aka buɗe a 2015. Irin wannan hanya, wadda ake kira hanyar keke ta sauri, an gina ta ne domin mai zuwa aiki, saboda haka faɗinta ya isa mutum biyu su jera wani kuma ya wuce su, kwanoninta ba su da tsanani, kwaltarta sumul take, akwai fitilu domin asubar hunturu da yammacinsa, kuma a yawancin mahaɗun da ta ratsa ƙananan tituna mota ce ke tsayawa ta ba keke hanya. Inda ta ci karo da babban titin A15 ba a bar mahayi ya jira ba, an haƙa masa hanya ta ƙarƙashi mai haske. Tana bi ta gefen garin Elst, ta cikin gonaki da makiyaya da lambunan itatuwa na yankin Betuwe, wanda ya yi suna wajen noman tuffa da sauran 'ya'yan itace.

A wannan fili ne matafiyi ke fahimtar abin da ma'aikacin Arnhem ya saya da kuɗinsa. A kan keken akwai ɗan allo da maɓallai kusa da babban yatsa, inda ake zaɓar matakin taimako daga ƙarami zuwa babba, allon kuma yana nuna gudu da sauran cajin da ya rage. Idan iska tana baya, ƙaramin mataki ya wadatar. Idan hanya ta karkata iskar ta dawo gaba, danna maɓalli sau ɗaya ko biyu yakan mayar da gudun yadda yake, ƙafa tana juyawa da nauyin da ta saba, sai dai layin cajin a allo ya riƙa sauka da sauri. Mai keken gargajiya da ke tafiyar kilomita 15 a awa zai ci fiye da awa guda a wannan hanya, ya isa yana gumi, gobe kuma idan iska ta tsananta ya ƙara minti goma ko ashirin. Mai batir yana gamawa cikin kimanin minti 40, yau da gobe da jibi, da tufafin da zai zauna da su a ofis. Wannan tabbacin lokaci ya fi saurin kansa muhimmanci ga wanda ake jira a wurin aiki da ƙarfe tara, kuma shi ne abin da mota ba ta iya ba shi a kan titin da ke cushewa kowace safiya tsakanin biranen biyu. Batirin da aka fi samu yana ɗaukar kimanin rabin yunit na wuta, ya cika cikin awa huɗu zuwa shida, ya kai mahayi kilomita 50 zuwa 100 gwargwadon iska da nauyi da matakin da ya zaɓa, saboda haka zuwa da dawowa a wannan hanya ba sa ƙarar da caji ɗaya.

Ana shiga Nijmegen ta ƙauyen Lent, a tsallaka Kogin Waal, wanda manyan jiragen dakon kaya ke bi tsakanin Rotterdam da Jamus, ta kan gadar keke da ake kira Snelbinder, wadda aka manna a jikin gadar jirgin ƙasa a 2004. Nijmegen na daga cikin tsofaffin biranen ƙasar, tun zamanin Rumawa, kuma saɓanin yawancin Holan tana da tuddai, musamman ta wajen Berg en Dal kusa da iyakar Jamus, inda a ranakun hutu ake ganin dattawa mata da miji a kan kekuna iri ɗaya suna hawan tudun da a da sai dai su sauka su tura. Batir ya ƙara wa waɗannan mutane shekaru masu yawa na hawan keke, amma ya zo da nasa farashin. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa a 2023 mutum 684 ne suka mutu a haɗurran hanya, 270 daga cikinsu masu keke ne, wato sun fi waɗanda suka mutu a cikin mota yawa, kuma mafi yawansu sun haura shekara 60. Ba dukansu ne a kan keken lantarki ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa injin laifin da tsufa ke da kaso a ciki, amma keke mai nauyi da sauri a hannun wanda ƙarfinsa ya ragu yana da wuyar sarrafawa, kuma faɗuwa da yawa ba a kan gudu take faruwa ba, wajen hawa da sauka ne, ko a kwana, ko a karo da ɗan turken da aka kafa a tsakiyar hanya domin hana mota shiga.

Ga kuma tsada. Sabon keken lantarki mai kyau yakan haura yuro 2,000, batirinsa yana rauni bayan wasu shekaru, sabo kuma ɗaruruwan yuro ne. Sanyin hunturu yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake shiga da shi ɗaki, ko da yake masu kashe gobara suna gargaɗin kada a bar shi a kan caji ana barci, kada kuma a ajiye shi a bakin ƙofar fita. Gyara ma ya canza, domin mai gyaran da ya saba da faci da ɗaure birki yanzu sai ya haɗa keke da kwamfuta kafin ya gane ciwonsa. Lokacin da kamfanin VanMoof na Amsterdam ya karye a watan Yulin 2023, masu kekunansa sun shiga zullumi, saboda kayan gyaran kekunan na kamfanin ne shi kaɗai, har makullinsu da manhajar waya yake aiki, abin da ya koya wa masu saye su riƙa tambayar wanda zai gyara kafin su tambayi kyan ƙira.

Babbar matsalar da ke gaban biranen Holan a yau ita ce jar kwaltar da aka auna domin mutane masu tafiya da gudu kusan ɗaya ta koma ɗaukar masu gudu iri-iri. Yaro ɗan firamare yana tafiyar kilomita 10 a awa, mai batir yana 25, ga keken akwati mai faɗi, ga masu kai abinci gida-gida da ke tsere da lokaci. Akwai wani nau'in keken lantarki mai kai kilomita 45 a awa, wanda tun 2017 doka ta mayar da shi cikin jerin ƙananan babura, ta wajabta masa lamba da inshora da lasisi da hular kwano, kuma wannan ya daidaita lamarinsa. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne keke mai ƙatuwar taya da dogon sirdi da ake kira fatbike, wanda samari da 'yan mata 'yan makarantar sakandare suka fi so, domin da yawa ana shigo da su da arha, kuma cire musu takunkumin gudu ko sa musu totur ba ya wuce aikin 'yan mintoci, sai ga yaro ɗan shekara 13 da abokinsa a baya suna gudun babur a hanyar keke, babu hula babu lasisi. Hukumomi sun riga sun ɗauki wasu matakai a wannan fage: a watan Afrilun 2019 Amsterdam ta kori ƙananan babura daga yawancin hanyoyin keke na tsakiyar birni ta mayar da su titin mota, a watan Yulin 2019 aka haramta riƙe waya a hannu a kan keke a duk ƙasar, a watan Disambar 2023 kuma Amsterdam ta rage gudun mota zuwa kilomita 30 a awa a mafi yawan titunanta, abin da ya buɗe ƙofar tunanin tura masu saurin cikin motoci su bar wa yara da tsofaffi hanyar keke. Ana ci gaba da muhawara a majalisar dokoki kan hular kwano da kan ƙayyade shekarun mahayi, wasu suna tsoron kada tilasta hula ya kori mutane daga keke gaba ɗaya. Kafin a kai ga matsaya, 'yan sanda sun samu wata na'ura mai naɗi da suke kafawa a bakin hanya kusa da makarantu da tashoshi, a ɗora tayar keke a kai a juya feda a ga inda injin zai yanke. Idan ya wuce 25 bai yanke ba sai a rubuta tara, idan aka maimaita laifin kuma ana iya ƙwace keken.